Yadda Na Kusa Fasa Jirgin Mutane a Birmingham

Tun da na dawo ban huta ba. A ofishin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo, sai an tare ni: "Malama Rabi, ya Ingila?" Wata ƙanƙara take so ta ji, wata kantuna, Malama Asabe kuwa ta nace sai na faɗa mata ko da gaske ne ba sa wanka. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri. To ga shi a rubuce, duk wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata. Ban ga ƙanƙara ba, ban sayo komai ba sai takalmin roba. Abin da na yi a Ingila shi ne gurzar jirgin ruwa, kuma saura ƙiris in fasa shi.

Da zan tafi na ce wa mutane zan je ganin 'yata Hauwa'u da ke karatu a Manchester. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin ƙanena ne Mustafa, wanda har yau Auta nake ce masa duk da furfurarsa. Injiniya ne a Birmingham, ya daɗe yana duba gadoji a wani kamfani da ke yi wa council, wato hukumar garin, aiki. Da gwamnatinsu ta shiga tsuke bakin aljihu sai aikin ya ƙafe, aka sallame su su da yawa. Ya nemi wani, ya nema, ya nema, har ya daina nema. Matarsa Zainab ce ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wata takwas ke nan. Da yana fita masallaci, yanzu ya daina. GP, likitanmu, ya ba shi magani yana sha, amma ko ƙasa ba ya saukowa. Wallahi na rasa yadda zan yi."

Da izininsa nake rubuta wannan. Shi ya ce in faɗa yadda yake, ko akwai wani irinsa a wani ɗakin.

Daga Yauri na shiga mota zuwa Abuja. Taya ta fashe mana bayan Kontagora, muka yi awa biyu a gindin mangwaro ana neman jak. A jirgin sama kuwa Allah ya haɗa ni da wata nas 'yar Inugu mai kirki, ita ta nuna mini yadda ake kwantar da kujera, ta kuma cinye mini abincin da na kasa ci. A Manchester wata yarinya mai duba fasfo, ba ta fi Hauwa'u ba, ta tambaye ni wa na zo gani, yaushe zan koma. Na ce mata ina da 'yan aji shida da jarrabawa a gabansu, ko roƙona kuka yi ba zan zauna ba. Ta yi dariya ta buga hatimi. Na ɗauka an gama, sai ga wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata yana kallona. Na ce a'uzubillahi, na ja da baya. Aka buɗe jaka. Busasshen kifinmu na Yauri ya wuce, kuka da daddawa suka wuce, kilishin da na sayo wa Auta kuwa aka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara, mutumin yana ta ba ni haƙuri.

Hauwa'u da mijinta suna Whalley Range, a wani ƙaton gida da aka yanyanka shi gida shida, kowa da nasa flat ɗin. Kwana biyar na yi ban san fuskar maƙwabcin da nake jin tarinsa ta bango ba. Washegarin zuwana na leƙa taga na ga rana ta fito fes, na yafa mayafi na fita shan iska. Ke! Ranar ƙasar nan haske kawai gare ta. Ban kai bakin titi ba na dawo a guje haƙorana na haɗuwa, Hauwa'u tana dariya har da riƙe ciki. Ta kai ni Oxford Road na ga uni ɗinsu, wato jami'arsu, bas na bin bas kamar jerin motocin biki, kowa in zai sauka sai ya yi wa direba godiya. Wannan ɗabi'ar ta burge ni. Ta saya mini kifinsu da dankali, ba yaji, ba albasa, an lulluɓe shi da fulawa. Na ci don kada ta ji babu daɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani layi da na gani a ƙofar wani zaure kusa da gidansu. Turawa ne, maza da mata, wasu da keken jarirai, kowa ya sunkuyar da kai. Na tambayi Hauwa'u me ake sayarwa. Ta ce, "Mama, ba sayarwa ake ba, food bank ne. Abinci ake ba su. Tun da aka fara cuts ɗin nan, gwamnati na yanke tallafi, kullum layin ƙaruwa yake." A hanya na taho da faɗan da zan yi wa Auta a bakina, na lalaci da rashin godiyar Allah. A nan na fara shakkar faɗan nawa.

Na hau doguwar bas zuwa Birmingham, Zainab ta tarye ni da kayan asibiti a jikinta, don daga aiki ta fito. Gidansu na Selly Oak, ta bayan Bristol Road, hagu da dama duk gidajen ɗalibai ne, kekuna a ƙofa, kwalabe a taga. Na hau sama. Labule a sake, ɗakin na warin rufi. Yana zaune a bakin gado cikin jallabiya, gemu ya cika masa fuska, wuyansa ya zama siriri.

"Yaya, sannu da hanya."

Shi ke nan. Yaron da in ya fara surutu sai an toshe masa baki da tuwo. Duk da shakkar da na yi, halina bai bar ni ba, na yi faɗan. Na ce ka tashi, na ce kai ne na farko da aka sallama a duniya? Na ja masa aya, na kawo masa hadisi. Yana ta cewa "To, Yaya," idonsa a kan kafet. Na sauka na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da kifin gida, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Loma biyu ya yi ya ture kwanon. Kwana huɗu haka. Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Na raini yaron nan a bayana, ban taɓa kallonsa na rasa ta inda zan kama shi ba sai a wannan zuwan.

Rana ta biyar da hantsi aka buga ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce, gajera, gashi fari tas, da takarda a hannu. Zainab ta ce wannan Pat ce, maƙwabciyarsu. Mijinta Len, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce, shi ya koya wa Auta tuƙin jirgin iska, irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa, a wani babban tafki da ke cikin gari. Duk Asabar tare suke fita. Tun rasuwarsa jirgin na kife a filin kulob ɗinsu ƙarƙashin tamfol. Yanzu tallafin da kulob ke samu ya yanke, za su ba da hayar rabin filin, sun rubuto cewa duk jirgin da bai shiga ruwa ranar buɗe kakar tuƙin jirgi ba sai mai shi ya ɗauke abinsa. Saura kwana goma. Pat ba ta da inda za ta kai shi, ba ta kuma da ƙarfin gyara shi ita kaɗai. Ta zo ta ji ko Mustafa zai taimaka.

Zainab ta hau, ta sauko. "Ya ce a ba ki haƙuri, ba ya jin daɗi."

Tsohuwar ta ninke takardarta ta ce ba komai, ta gane. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Ni zan zo." Suka kalle ni su biyun. Na ce mata babanmu, Allah ya jiƙansa, kafintan jirgin ruwa ne a bakin kogin Yauri, a cikin ɓawon katako na girma, babu abin da za a nuna mini a jirgi. Ku riƙe wannan cika bakin, za ku ji inda ya kai ni.

A wajenmu jirgi ba ya fita daga ruwa sai in ya mutu. Su kuwa kaka gare su kamar manoma. Sanyi na shigowa sai su jawo jiragen tudu su rufe, in ya fara sauƙi sai kowa ya fito gyara. Filin cike yake da mutane, wannan na kankare tsohon fenti, wancan na ɗinkin ƙyalle, wasu huɗu sun taru suna tayar da doguwar sandar da ake ɗaura ƙyallen. Gayya ce sak, sai dai babu kiɗa, kuma maimakon fura shayi ake zagayawa da shi. Wani tsoho da na ɗauka mai gadi ne saboda dattin rigarsa, ashe likitan ƙashi ne. Wanda ke ba shi umarni kuma direban bas. Ba wanda ya tambaye ni daga ina nake, sai dai aka miƙo mini safar hannu da sanfefa.

Yawancin jiragen na roba ne, na Pat kuwa katako ne, kowane falle ya ɗan hau kan ɗan'uwansa kamar rufin kwano, an ɗinke su da ƙusoshin tagulla. Aiki ne mai kyau, Baba da ya gani sai ya shafa shi. Kwana biyu muna gurza ni da ita. Turancinta na Birmingham rabi nake kamawa, ita ma nawa haka, amma mun fahimci juna. Ta kawo mini burodi da cuku, na kawo mata dambun kifi, ta ci tana hawaye saboda yaji tana cewa a ƙara. A rana ta uku ta ce gobe da jibi tana asibiti za a duba mata ido, in ci gaba da gurza in na iya.

Ranar da na zo ni kaɗai, na sa aka taya ni birkice jirgin, na durƙusa ciki ina share ƙura. Sai na ga haske. Tsakanin falle da falle, daga ƙasa, rana na shigowa siri-siri, wani wurin har farcena na shiga. Na ce innalillahi, wannan ai rariya ce! Wato tsohuwar nan da idonta mara lafiya ba ta gani ba, za a tura abin nan ruwa ya nutse a gaban jama'a, ta ji kunya. Na san maganinsa tun ina 'yar shekara bakwai. Baba auduga yake murzawa ya jiƙa da mai, ya cusa a tsagar, ya bi da guduma har sai ta zauna daram, sannan kwalta. Ban tambayi kowa ba, don me zan tambaya? Na je kantin magani a Bristol Road na sayo auduga ƙunshi shida, na ari sukudireba da guduma, na zauna. Wuni na yi ina dukan abin nan. Kafin la'asar na gama gefe guda, ko allura ba za ta shiga ba. Na ɗauki hoto a waya, na koma gida ina jin kaina.

Na hau sama da wayar, ba don komai ba sai don in gasa masa magana. Na ce, "Kai kana kwance, ga yayarka tsohuwa ta yi aikin maza. Duba nan."

Ya karɓa kamar ba ya so. Ya duba. Ya matso da wayar kusa da ido, ya buɗa hoton da yatsu. Sai na ga ya miƙe zaune.

"Yaya, mene ne wannan farin?"

"Auduga mana. Irin ta Baba."

"Da me kika cusa ta?"

"Da guduma."

"Guduma! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, kin kashe jirgin Len!"

Rabon da in ji muryar nan da ƙarfi haka har na manta. Zainab ta hawo a guje. Shi kuwa ya miƙe tsaye yana bayani. Wai katakon bushewa ya yi, shekara biyu a tudu, shi ya sa ya tsuke. Da gangan ake barin tsagar. In aka sa shi a ruwa zai sha, ya kumbura, ya rufe kansa da kansa. Amma in an cika tsagar da abu mai tauri, katakon in ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya tsage ta bin ƙusoshin, falle bayan falle. "Jiragen Baba ba sa bushewa, Yaya! Kullum suna ruwa! Wannan ba irinsu ba ne!"

Na ce, "To ai sai a cire."

"A cire? Kin san yadda za a cire ba a ci bakin katakon ba? Kada ki sake taɓa shi. Zainab, ina kot ɗina?"

Ya ɗora kot a kan jallabiya, ya zura takalmi ba safa, ya sauka. Muna tsaye a saman bene muka ji ƙarar ƙofar waje. Zainab ta kama hannuna ta matse har ya yi mini zafi. Na ɗauki mayafina na bi shi.

Masu cewa da gangan na yi, dabara ce irin ta manya, na gode da kyakkyawan zato, amma wallahi ba dabara ba ce. Jahilci ne tsagwaronsa da cika baki.

Kwana biyu muka yi muna zare audugar nan da ƙarfen rataye riga da ya lanƙwasa, zare-zare, kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Yana yi yana yi mini faɗa. Ni da na girme shi da shekara goma sha huɗu, ni da ko shugaban makaranta ba ya ɗaga mini murya, na zauna ina "To, Injiniya." Daɗin faɗan nake ji har cikin raina. Da Pat ta dawo da bandeji a ido ɗaya, na tare ta na faɗa mata abin da na yi, don ban iya ɓoye laifi ba. Ta dubi tulin audugar, ta dubi Auta a durƙushe cikin jirgin mijinta, ta ce, "To, ai kin gyara abin da ya fi jirgin." Ta je ta haɗo mana shayi.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya warware. A rana ta farko, da mutanen filin suka fara zuwa gaishe shi, na ga gumi na keto masa cikin sanyin nan, ya ce mini shi gida zai koma. Abin da yake tsoro a tambaye shi aiki. Ba wanda ya tambaya. Direban bas ɗin nan ya dafa kafaɗarsa ya ce an yi kewarsa, ya kuma roƙe shi ya zo ya duba masa wata ƙusa. Wani dogo mai suna Kevin, yana wucewa da bokitin fenti, ya ce, "Na ji labari. Ni ma bara suka sallame ni. In ka gama da sanfefar nan ina so." Ya wuce abinsa. Auta ya bi shi da kallo, ya koma ya durƙusa.

A rana ta biyu muna zaune a gefen jirgin muna cin burodi, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Inna ta sani?"

Innarmu tana nan da ranta a Yauri, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Na ce, "Ba mu faɗa mata ba. Amma ta san ba ka kira. Kullum sai ta sa an duba mata ko wayarta ce ta lalace."

Sannan ya ce, "Yaya, shekara nawa, duk wanda ya kira ni daga gida da abin da yake so. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi daɗi nake ji. To ranar da ba ni da shi fa? In waya ta yi ƙara sai in ji kamar ana buga mini guduma a ƙirji. In ɗauka in ce me? Sai na ga gara kada a ji ni gaba ɗaya."

Na ajiye burodin. Don ni ce kan gaba a masu kiran. Rufin ɗakin Inna, makarantar wane, asibitin wance, duk ta bakina suke bi. Na lalubi rana ɗaya da na kira yaron nan don in ji lafiyarsa kawai, ban samu ba. Na ce, "Auta, ka yafe mini." Ya ce haba Yaya. Muka yi kukanmu a nan, Turawa suna wucewa suna yi kamar ba su gani ba, wanda a ranar na gode musu da shi.

Ranar buɗe kaka ta faɗo Asabar. Kowa ya ɗora jirginsa a kan amalanke, aka yi layi zuwa gangaren da ke shiga ruwa, in an zo kan naka sai kowa ya sa hannu. A nan takalmin robar ya yi rana. Muka tura na Pat, ni da ita da Auta da Kevin, ya sauka a hankali ya hau ruwa, mutane suka yi tafi. Ban gama murmushi ba na ga ruwa na tsattsafowa ta ko'ina a cikinsa. Kafin a jima ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Duk da an yi mini bayani, jikina bai yarda ba. Na fasa ihu da Hausa, "Jama'a zai nutse! A kawo bokiti!" Likitan ƙashi ya ɗaga mini kofin shayinsa yana murmushi. Auta ya ce, "Yaya, don Allah ki daina tara mana mutane." Ya ja jirgin zuwa inda ruwa bai da zurfi, ya ɗaure shi, ya bar shi cike da ruwa har kusan baki. Aka rubuta sunan Pat a cikin waɗanda suka shiga ruwa, wurinta ya tsira.

Ni dai ba wurin Pat ne ya hana ni sukuni ba. Aikin gaggawa ya ƙare, ina tsoron Auta ya koma sama ya saki labule. Lahadi da safe na kasa kunne. Na ji motsi a kicin, na ji an buɗe ƙofa. Ya tafi kwarfe ruwa, ba wanda ya ce masa. Litinin ma haka. Ran Talata ya dawo wandonsa a jiƙe ya ce, "Kofi biyu kawai na samu a ciki. Ya rufe. Ki shirya gobe."

Na shiga jirgin, amma ba zan yi muku ƙarya in ce na ji daɗi ba. Aka ɗaura mini wata rigar kumfa a kan atamfa na zama kamar buhun gero. Kwalekwalenmu tafiya yake a miƙe, wannan kuwa kwanciya yake a gefe ɗaya kamar zai zubar da mutum, duk salatin da na sani sai da na yi. Auta ya ce in ya yi magana in sunkuya, ban sunkuya da wuri ba, sandar ƙyallen ta zo ta tafi da ɗankwalina cikin tafki. Pat tana gaba tana dariya, ido ɗaya a rufe, tana shafa gefen jirgin. Na juya zan yi masa masifa, na gan shi riƙe da igiya, ya ɗaga kai yana duban ƙyallen, bakinsa na motsi yana lissafin iska. Na fasa masifar.

Har na baro ƙasar bai sami aiki ba, kuma yana shan maganinsa. Akwai ranar da ya wuni a sama bai sauko ba, Zainab ta ce in bar shi, gobe ma rana ce, kuma gaskiyarta. Yarinyar nan ta riƙe gida wata takwas ita kaɗai ba ta taɓa kai ƙararsa ba sai da abin ya fi ƙarfinta, Allah ya saka mata. Pat ta rako ni har tashar bas da kwalbar zuma. Na koma Manchester na kwana biyu wurin Hauwa'u, na hau jirgi. Waɗannan mutane, da na filin nan da ban ma riƙe sunayensu ba, ina sa su a addu'a, Allah ya san su.

Na iso Yauri da yamma, ban ko sauke jaka a gidana ba na wuce wurin Inna. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa mata, me zan rage, me zan bari. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki, wayarta a cinya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, Auta yana gaishe ki, ya ce in faɗa miki..."

"Rabi, ya riga ki. Jiya ya kira, yau ma ya kira." Ta fara dariya, irin wadda ke girgiza mata kafaɗa. "Ya ce kin je ƙasar mutane kin ɗauki guduma. Ke da ko ƙusa babanku bai taɓa yarda ki buga ba!"

Na ce, "Inna, har da ke?"

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Dariyar ta tsaya.

"Ya faɗa mini komai, da bakinsa. Na ce masa ni ba aikinsa na haifa ba." Ta juya wayar a cinyarta ta shafa ta. "Ki sa a cika mini cajin abin nan. Ya ce gobe bayan azahar zai sake kira."